Tambaya da Amsa: Karatun Adabin Bayan Mulkin Mallaka a Jami'a

A wannan fitowa mun tattara wasiƙu biyar da suka zo a kan fanni guda, wato nazarin adabin bayan mulkin mallaka wanda aka rubuta da Ingilishi. Mun taƙaita tambayoyin domin amsoshin su sami fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji uku a sashen Ingilishi, kuma a wannan zango an sa mana kwas na adabin bayan mulkin mallaka. Jerin littattafan ya haɗa na Najeriya da Kenya da Indiya da tsibiran Karibiyan, har da Heart of Darkness na Joseph Conrad. Me ya haɗa waɗannan littattafai wuri guda, kuma me ya kawo littafin Bature na 1899 cikin kwas ɗin da aka ce na bayan mulkin mallaka ne?

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yata. Abin da ya ɗaure miki kai ya samo asali daga kalmar "bayan", domin duk wanda ya ji ta sai ya zaci ana nufin littattafan da aka rubuta bayan an sauke tutar Birtaniya. Amma ki duba, Chinua Achebe ya fitar da Things Fall Apart a 1958, saura shekara 2 Najeriya ta sami 'yanci, Raja Rao kuma ya fitar da Kanthapura a 1938, saura shekara 9 Indiya ta sami nata, kuma dukkansu ginshiƙai ne a wannan fanni. Abin da manazarta ke nufi shi ne rubutun da ya taso daga haɗuwar al'umma da mulkin mallaka, tun daga ranar da aka ci ta da yaƙi har zuwa tabon da abin ya bari a yau. Da can ma sunan fannin adabin ƙasashen Kwamanwal, kuma da wannan suna aka yi babban taronsa a Jami'ar Lids ta Ingila a 1964. Sunan da kike ji yanzu ya kafu ne bayan littafin Orientalism na Edward Sa'id a 1978 da kuma The Empire Writes Back na Ashcroft da Griffiths da Tiffin a 1989.

Abin da ya haɗa marubucin Najeriya da na Indiya da na Tirinidad shi ne aji guda suka zauna, ko da yake teku ta raba su. A 1835 Thomas Macaulay ya rubuta wa gwamnatin Birtaniya a Indiya takardar shawara a kan ilimi, inda ya ce kanta guda ta kyakkyawan ɗakin karatu na Turai ta fi dukkan adabin Indiya da na Larabawa daraja, ya kuma nemi a raini wani rukuni na mutane, Indiyawa a jini da launin fata, Ingilishi a tunani da ɗabi'a, su zama tafintoci tsakanin masu mulki da miliyoyin da ake mulka. Irin wannan makaranta ce aka kai Afirka da Karibiyan daga baya. Yaran da suka fito daga cikinta sun girma suna karanta labarai waɗanda a cikinsu mutanen da suka yi kama da su ko dai bayi ne, ko abin tsoro, ko abin dariya. Da suka kama alƙalami, da waɗannan labarai suka fara yin magana.

Dalilin sa muku Conrad ke nan, domin ba a fahimtar amsa sai an ji tambayar. A watan Fabrairun 1975 Achebe ya gabatar da lacca a Jami'ar Masachusets ta Amurka, ya nuna cewa a cikin littafin nan gaba ɗaya Conrad bai bar 'yan Afirka sun buɗe baki da maganar da ake ganewa ba sai a wuri biyu: sau ɗaya wani na neman a ba su mutum su cinye, sau ɗaya kuma wani yaro ya leƙo ya ce Kurtz, Baturen da labarin ya ginu a kansa, ya mutu. Sauran duk ihu ne da gurnani daga bakin kogi. Yanzu ki buɗe shafin ƙarshe na Things Fall Apart. Bayan mun yi babi 24 tare da Okonkwo, jarumin littafin, mun san mahaifinsa da matansa da tsoron da ke cin zuciyarsa, sai Achebe ya karɓe labarin ya miƙa wa Di'o, wanda ya bar gawar Okonkwo ya kama hanyar komawa kotu yana tunanin littafin da yake rubutawa a kan yadda aka lallashi ƙabilun ƙasan Neja. Di'on ya ce a ransa labarin wannan mutum zai iya cika babi guda, sai kuma ya sake tunani ya ce babi ya yi yawa, sakin layi guda mai ɗan tsawo ya isa. Duk lokacin da na zo wannan wuri jikina yakan yi sanyi, domin a layuka kaɗan an nuna mana yadda ake matse rayuwar mutum sukutum har ta koma sakin layi a littafin wani. Wanda ya karanta Conrad shi ne zai ji nauyin wannan shafi sosai.

Haka Jean Rhys, 'yar tsibirin Dominika, ta yi a Wide Sargasso Sea a 1966: ta ɗauko mahaukaciyar matar da aka kulle a saman bene a Jane Eyre na 1847, wadda aka kawo daga Jamaika, ta ba ta ƙuruciya da uwa da bakin magana. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Sai dai ina jan kunnenki, kada ki shiga jarrabawa da hukuncin Achebe kamar wahayi. Conrad ya je Kwango da kansa a 1890, ya ga ta'asar da ake yi da sunan Sarki Leopold na Beljiyam, kuma littafinsa na cikin waɗanda suka fara tona asirinta. Sa'id ma ya ce Conrad ya ga ɓarnar mulkin mallaka sarai, abin da ya kasa hangowa shi ne 'yan Afirka na iya mulkin kansu. Malaminki zai fi son ya ga kin auna ɓangarorin biyu da hujja daga cikin shafukan littafin.

TAMBAYA: Malam, ni malamin Hausa ne a makarantar sakandare, ɗana kuma yana karanta wannan fanni. Na ce masa tufka da warwara suke yi, domin ta yaya za a yaƙi mulkin mallaka da harshen ɗan mulkin mallaka? Shin ban yi gaskiya ba?

AMSA: Malam, Allah ya ƙara sani. Maganar da ka yi wa ɗanka tana cikin manhajar da yake karantawa, kuma manyan marubutan ne da kansu suka fara yin ta. A watan Yunin 1962 an yi taro a Jami'ar Makerere da ke Kamfala mai suna taron marubutan Afirka masu rubutu da Ingilishi. Achebe da Wole Soyinka sun halarta, haka ma wani ɗalibi matashi ɗan Kenya wanda duniya ta sani daga baya da Ngugi wa Thiong'o. Shekara guda bayan haka Obi Wali ya rubuta a mujallar Transition cewa adabin Afirka da ake yi da harsunan Turai hanya ce da ba ta ɓullewa. Ngugi kansa ya dawo yana tambaya daga baya, ta yaya shi da yake ɗalibi mai 'yan gajerun labarai ya cancanci zama a taron, alhali sunan taron ya rufe ƙofa ga Shaaban Robert, babban mawaƙin Suwahili, da Fagunwa mai rubutu da Yarbanci?

Ngugi bai tsaya a magana ba. A 1968 shi da abokan aikinsa biyu a jami'ar Nairobi sun rubuta takarda suna neman a soke sashen Ingilishi, a kafa na adabi wanda zai sa Afirka a tsakiya. A ƙarshen 1977 gwamnatin Kenya ta tsare shi shekara guda ba tare da shari'a ba, bayan wasan kwaikwayon da ya shirya da manoma da ma'aikata cikin harshen Gikuyu. Ya riga ya yi littattafai masu zafi da Ingilishi ba a kama shi ba, sai da talaka ya ji maganar da harshensa. A gidan yarin Kamiti ya rubuta ƙagaggen labarinsa na farko da Gikuyu a kan takardar ban ɗaki, sa'an nan a 1986 ya bayyana matsayinsa dalla-dalla a Decolonising the Mind, inda ya ce harsashi ya mallaki jiki, harshe kuma ya mallaki ruhi.

Achebe ya tsaya a ɗaya gefen, kuma hujjarsa ba ta raini ba ce. Ya ce tarihi ya riga ya ɗora masa wannan harshe, da shi ne zai yi magana da 'yan ƙasarsa masu ɗaruruwan harsuna, amma dole ya zama sabon Ingilishi wanda aka tanƙwara har ya ɗauki nauyin rayuwar Afirka. Ya ba da misali daga Arrow of God na 1964, inda babban limamin gargajiya Ezeulu ke tura ɗansa wurin 'yan mishan domin ya zama idonsa a can, yana ce masa duniya kamar dodo ce mai rawa, wanda ke son ya gan ta da kyau ba ya tsayawa wuri guda. Sai Achebe ya sake rubuta maganar da Ingilishin ofis, ma'anar tana nan amma dattijon ya ɓace. Wannan tanƙwarawa ita ce babban abin da ɗanka ke nazari: yadda Amos Tutuola ya zuba Yarbanci cikin Ingilishi a 1952, yadda Sam Selvon ya ba da labarin baƙin Karibiyan a Landan da karin harshensu a 1956, da yadda Ken Saro-Wiwa ya rubuta Sozaboy a 1985 da abin da shi da kansa ya kira ruɓaɓɓen Ingilishi.

Idan ka nemi ra'ayina, Malam, ina ganin Ngugi ya fi gaskiya a kan abin da al'umma ke asara idan haziƙanta duk suka koma rubutu da harshen da mafi yawan mutanensu ba sa ji. Amma harshe shi kaɗai ba ya wanke littafi daga hannun mulkin mallaka, kuma kai ka fi ni sanin misalin. Ruwan Bagaja da Shaihu Umar da Ganɗoki da Hausa aka rubuta su, amma sun fito ne daga gasar da Rupert East na hukumar fassara ta gwamnatin mulkin mallaka ya shirya a 1933, shi ya tace su, kuma da boko aka buga su maimakon ajami. Wannan bai rage musu daraja ba, sai dai ya nuna cewa tambayoyin wa ya buga, wa ya tace, don wa aka rubuta, sun hau kan littafin Hausa kamar yadda suka hau kan na Ingilishi. Da kai da ɗanka kuna da abin da za ku koya wa juna.

TAMBAYA: Malam, ina jin daɗin littattafan labarin, amma da zarar an zo kan ra'o'in Spivak da Bhabha sai kaina ya yi zafi, in karanta shafi sau uku ban gane komai ba. Abokaina sun ce in haddace kalmomin kawai in zuba su a jarrabawa.

AMSA: Ɗana, kada ka bi shawarar abokanka. Mai duba takarda yana gane ɗalibin da ya yayyafa manyan kalmomi ba tare da ya san abin da ke ƙarƙashinsu ba, kuma ko ya ci jarrabawar ya fita hannu wofi. Gaskiya ne rubutun mutanen nan biyu yana da tsauri, har manyan malamai sun koka da shi, saboda sun gina shi a kan falsafar Faransa wadda ba a koya maka ba. Laifin ba na ƙwaƙwalwarka ba ne. Hanyar da na ga tana aiki ita ce ka nemi labarin da ke ƙarƙashin kowane ra'i, domin kowannensu daga wani abu da ya faru ya taso.

Ɗauki maƙalar Gayatri Spivak ta 1988 wadda ke tambaya ko na can ƙasa yana iya magana. Tushenta al'adar ƙona matar mamaci tare da gawar mijinta a wasu sassan Indiya, wadda Turawa suka haramta a 1829. Idan ka bincika takardun zamanin za ka ji muryar Bature yana cewa ya ceci matan, ka ji muryar masu kare al'ada suna cewa matan ne suka zaɓi mutuwa, amma muryar matar da ake magana a kanta ba ta cikin kundin ko ɗaya. Tambayar Spivak ke nan, kuma tana yi wa manazarci gargaɗi kada ya ɗora tasa muryar ya ce ta matar ce. Shi kuwa Homi Bhabha, a littafinsa na 1994, ya koma kan mutanen da Macaulay ya so a raina. Mai mulki yana son wanda yake mulka ya kwaikwaye shi, amma ba ya son kwaikwayon ya cika, domin idan ya cika to da wace hujja zai ci gaba da mulkinsa? Saboda haka kwaikwayon kansa ya zama abin da ke tayar wa mai mulki hankali.

Idan kana son ka ga wannan da idonka, karanta Nervous Conditions na Tsitsi Dangarembga 'yar Zimbabuwe, wanda ya fito a 1988. Ka lura da Nyasha, yarinyar da ta dawo daga Ingila ta manta yawancin harshen Shona, 'yan uwanta suna ganin ta zama baƙuwa, mahaifinta shugaban makarantar mishan yana son ta yi ilimin Turawa amma ta yi biyayyar 'yar gargajiya, har abin ya koma ciwo a jikinta. Wanda ya san Nyasha ya riga ya fahimci rabin Bhabha. Sunan littafin ma daga gabatarwar da Sartre, masanin falsafa ɗan Faransa, ya yi wa littafin Frantz Fanon na 1961 a kan yaƙi da mulkin mallaka aka ɗauko shi, kuma ina ba ka shawara ka fara da Fanon da Sa'id da Ngugi, waɗanda rubutunsu a sarari yake, kafin ka koma kan masu tsaurin.

Ka sani kuma su kansu ra'o'in an yi musu tarke. A 1992 Aijaz Ahmad ya soki fannin da cewa ya fi nuna damuwar 'yan boko masu hijira da ke koyarwa a manyan jami'o'in Amurka fiye da ta manomi da ɗan ƙwadago, a shekarar kuma Anne McClintock ta yi tambaya ko ya dace a ce "bayan" alhali mallakar ba ta ƙare ba. Kana da damar kawo irin wannan suka a takardarka.

TAMBAYA: Malam, wasu littattafan da aka sa mana suna ɗauke da abubuwan da suka saɓa wa tarbiyyata da addinina. Yaya zan yi?

AMSA: 'Yata, damuwarki tana da tushe, kuma ba na son ki ɗauke ta a matsayin ƙauyanci. Nazarin littafi daban, yarda da abin da ke cikinsa daban, kuma malaman Musulunci na da sun karanta littattafan waɗanda suka saɓa da su ciki da bai kafin su yi musu raddi. Kina da 'yancin ki rubuta cewa marubuci ya yi wa addini ko al'ada gurguwar fahimta, muddin kin kawo shafi da layi. Idan wani littafi ya fi ƙarfin zuciyarki, ki sami malamin kwas ɗin tun farkon zango cikin ladabi ki tambaya ko akwai wanda za ki ɗauka a madadinsa.

TAMBAYA: Malam, na zo shekarar ƙarshe kuma ina son in rubuta kundin digirina a wannan fanni. Na yi niyyar ɗaukar jigon mulkin mallaka a Things Fall Apart.

AMSA: Ɗana, wannan gona an nome ta har ta gaji, kuma da wuya ka faɗi abin da dubban ɗalibai ba su riga ka faɗa ba. Matsalar ta biyu ita ce taken ya yi faɗi. Kundi mai kyau yana tsayawa a kan tambaya ƙarama wadda za a iya amsawa da hujja daga nassi, misali aikin da tafinta ke yi a littafin, da yadda magana ke canzawa tsakanin bakin Bature da kunnen mutanen gari. Ka ga yadda Sa'id ya yi a 1993 da Mansfield Park na Jane Austen: ya kama 'yan wurare kaɗan da aka ambaci gonar rake ta Antigwa, da shirun da ya biyo baya lokacin da Fanny, jarumar littafin, ta yi tambaya a kan cinikin bayi, ya nuna cewa natsuwar gidan nan na Ingila a kan gumin bayi take zaune.

Ka kuma leƙa inda ƙafa ba ta yi yawa ba. Akwai Efuru na Flora Nwapa na 1966 da The Joys of Motherhood na Buchi Emecheta na 1979, waɗanda ana iya karanta su a matsayin amsa ga yadda marubuta maza suka zana mata. Akwai The Stillborn na Zaynab Alkali na 1984 da Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim na 2015, inda wanda ya ji Hausa zai iya nuna yadda take motsi a ƙarƙashin Ingilishin, abin da manazarcin da bai ji harshen ba ba zai iya yi ba. Akwai kuma Abdulrazak Gurnah ɗan Zanzibar, wanda ya sami kyautar Nobel a 2021, wanda littafinsa Paradise na 1994 ya shiga duniyar fatake Musulmi na gabashin Afirka a lokacin da Jamusawa ke kafa mulkinsu. Duk wanda ka zaɓa, ka tabbata za ka sami cikakken littafin a hannunka, ka karanta shi sau biyu da fensir, sa'an nan ka kai wa mai duba aikinka tambaya guda a rubuce tare da shafuka biyar ko shida da kake ganin za su amsa ta.